Wurin Ajiye Motar Cleavon

Akwai wani mutum a nan Barbados mai suna Cleavon Gittens. Aikinsa shi ne yawo da baƙi. Da safe zai ɗebe su daga tashar jiragen ruwa ta Bridgetown, ya kai su gidan tarihi, ya nuna musu tsofaffin igwogi na bakin teku, sannan ya ƙare da wata tsohuwar coci ta dutse da ke kan tudu a gabas.

Cleavon yana da zaƙin baki, kuma ya san yana da shi. A harabar cocin yakan tsaya gaban kaburburan Turawan da suka mallaki gonakin rake, ya karanta sunayensu ɗaya bayan ɗaya, yana yabon kyan rubutun kamar danginsa ne. Waɗanda suka fasa duwatsun ginin suka ɗauko su a ka kuwa, bai taɓa ambatonsu ba. Ya ce irin wannan magana tana ɓata wa baƙi hutu.

Bayan katangar cocin akwai wani fili mai ciyawa da ƙananan tudun ƙasa. A nan aka binne bayin gonar, babu dutse, babu rubutu. A nan kuma Cleavon yake ajiye bas ɗinsa, don wurin yana da inuwa.

Wata tsohuwa, Eudora Sealy, ita ke kula da filin. Ta haura shekara saba'in da biyar, amma duk ranar Alhamis sai ta hau tudun da adda da tsintsiya, ta share, ta jera ƙwaryar dodon koɗi a kan kowane kabari. Ta roƙi Cleavon ya fi a ƙirga ya riƙa tsayawa a bakin titi. Kullum amsarsa ɗaya ce, wai matattu ba sa jin nauyin mota.

Wata Alhamis ya zo da baƙi goma sha shida. Ya hau filin kamar yadda ya saba, tayar motarsa ta murƙushe ƙwarya biyu. Eudora ta ajiye tsintsiya ta zo ta tsaya a bakin ƙofar motar.

Ta ce, "Ɗana, ja da baya kaɗan. A kan mutane kake."

Cleavon ya yi dariya, ya juya ga baƙinsa ya ce kada su damu, kowace ƙasa tana da tata mahaukaciyar, wannan ce tasu, mai son hoto ya ɗauka kyauta ne. Sannan ya sauko ya sa ƙafa ya shure wata ƙwarya ta gangara cikin ciyawa.

"Iya, ki je gida ki tuƙa tuwon masararki, ki bar masu aiki su yi aiki."

Ku duba fa. Tsohuwar da ta isa ta haifi uwarsa, a gaban baƙin ido.

Cikin baƙin akwai wata mata, Marva Skeete, wadda aka haifa a Landan amma mahaifinta ɗan nan ne. Kafin ya rasu ya gaya mata cewa wata kakarsu mai suna Cubba tana kwance a bayan wannan cocin, kuma don ita ta yi tafiyar. Ta tambayi Cleavon ko wannan ne filin. Ya ce mata ba a taɓa binne kowa a nan ba, tsohon juji ne kawai.

Eudora ba ta yi gardama da shi ba. Ta kama hannun Marva ta shiga tsakanin kaburburan, tana nuni tana kiran suna, yadda kakarta ta koya mata tun tana yarinya. Wannan Quaco ne, injin matse rake ya cinye masa hannu. Wannan Mimba ce da jaririnta. Ta kira suna sama da ashirin ba ta yi tuntuɓe ba. A layi na uku ta tsaya ta ce wannan ce Cubba. Marva ta durƙusa a wurin tana kuka. Baƙin da ke dariya ɗazu duk suka sauke wayoyinsu.

Sai tsohuwar ta dawo wajen motar, ta nuna tayar baya.

"Cleavon, ka san wadda ke ƙarƙashin nan? Phibba ce. Kakarka Ione, wadda ta goya ka, daga tsatsonta ta fito. Shekara talatin muna hawowa nan tare da Ione, ita ke share wannan kabarin da hannunta. Ranar da za ta rasu ni ta bar wa amanarsa. Ban taɓa faɗa maka ba, don ina ganin ba sai naka ne za ka girmama shi ba."



Da Cleavon ya ce a shiga mota, babu wanda ya motsa. Wani dattijo cikin baƙin ya ce shi dai ba zai ƙara nauyinsa a kan kabarin kowa ba. Haka suka gangara da ƙafa har bakin titi, suka nemi wata motar. Marva ta rubuta wa kamfanin jirgin duk abin da ya faru, sauran suka sa hannu. Kafin mako ya zagayo an cire sunan Cleavon daga masu ɗaukar baƙinsu. Tsibirin nan kuwa ƙarami ne. Ko a kasuwar kifi sai da aka riƙa nuna shi da baki.

Bayan wata biyu ya hau tudun shi kaɗai, da ƙafa. Ya tarar da Eudora a filin, ya fara ba ta haƙuri. Eudora ta dube shi sama da ƙasa, ta miƙa masa adda, ta nuna masa kabarin Phibba.

Ta ce, "Ba ni ka taka ba. Je ka fara daga nan."

Darasi: Wanda ya raina tushensa don ya burge baƙo, baƙon ne zai fara raina shi. Ka girmama tsofaffi, ka girmama kabarin da ba ka san mai shi ba, ko naka ne ko ba naka ba. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu ganin sun fi ƙarfin inda suka fito.