Takardu Huɗu a Ƙarƙashin Teburin Majo

Akwai wani ma'aikacin lafiya da ake kira Majo Ɗan Azumi, a wani gari da ke kan hanyar Gidimuni, gabas da Damagaram. Zamanin da Nasara suka fara shirin naɗe tabarmarsu ne. Majo kuwa, ga wanda bai sani ba, shi ne shugaban gidan likita na ƙauye, wanda babu lokotoro, wato babban likita, a samansa sai an yi tafiyar kwana biyu.

Gidan likitan ɗaki biyu ne da rumfa, sai wani tebur mai gajeriyar ƙafa ɗaya. Amma ƙauyuka sun fi talatin da ba su da wurin zuwa sai nan.

Ba zan ɓoye alherin mutumin nan ba. Bai taɓa korar mara lafiya ba, kuma ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, in aka kira shi zai ɗaura wa dokinsa sirdi. Tun yana saurayi ya koyi aikin a barikin soja, a jikin ƙartin sojoji ya koyi allura, ya kuma yi shekara ashirin da biyar yana yin ta yadda aka nuna masa ranar farko.

Mutanen yankin ba su yarda da ƙwaya ba. A wurinsu in ba a soka ba, ba a yi magani ba. Idan zazzaɓin damina ya kama yaro, sai a ce, "A kai shi Majo ya ba shi kinin." Shi kuma ya kifa yaron a cinyar uwarsa, ya nemi tsakiyar ɗuwawu inda tsoka ta fi kauri, ya soka. Zazzaɓi ya sauka, a yi ta sa wa hannun Majo albarka.

Yabon nan ne ya shiga kansa a hankali, har ya zauna daram.

Duk shekara idan an gama ɗaurin gero, gardi, wato ɗan sandan kwamandan Nasara, yakan kawo masa takarda. Ana gayyatarsa sitaj, wato ya koma aji na wata guda a Damagaram, shi da sauran ma'aikatan ƙauye, su ji abin da ya sabunta a aikinsu. Har an rubuta cewa za a turo wanda zai riƙe masa wurin kafin ya dawo.

Majo yakan karanta, ya yi murmushi, ya ninke takardar gida huɗu ya cusa ta ƙarƙashin gajeriyar ƙafar tebur.

Matarsa Delu ta ce masa wata rana, "Maigida, teburin nan naka ya kusa zama lokotoro. Takarda huɗu ke nan ya haɗiye."

Ya ce, "Wa zan bar wa marasa lafiya?"

Ta ce, "An ce za a turo wani."

Ya ce, "To, in je in zauna benci ɗaya da yaran da ban gama koya musu dafa allura ba? Da furfurata?"

Nan ne gaskiyar take. Ba marasa lafiya ba ne suka riƙe shi, bencin ne ba ya so.

Cikin waɗanda suka taso a hannunsa akwai Suma'ila, wanda yanzu ke aiki a wajen Mirriya. Shi bai taɓa fashin sitaj ba. Wata ranar kasuwa ya biyo gaida maigidansa na dā, ya tarar ana yi wa wani yaro allura. Ya tsaya ya gani har rumfa ta watse.

Sa'an nan ya ari ƙwarya a wurin Delu, ya kifa ta a tebur a matsayin ɗuwawun yaro, ya ɗauko gawayi.

"Baba Majo, ka yi mini haƙuri. Akwai abin da ake nuna mana a sitaj. Akwai wata babbar jijiya da ta sauko daga ƙugu ta bi ta tsakiyar nan har tafin ƙafa. A jikin babba tsoka tana kare ta. Yaro kuwa, musamman wanda ciwo ya ramar..."

Majo ya sa hannu ya birkice ƙwaryar.

"Suma'ila, ranar da aka kawo ka nan, jini ka gani ka faɗi. Ni na yayyafa maka ruwa. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Mayar wa Delu ƙwaryarta, fura za ta dama."

Suma'ila ya durƙusa ya yi sallama, ya tafi da gawayinsa a hannu.

Majo yana da auta, Shatu, 'yar shekara bakwai. Yarinyar nan ba ta san tafiya ba, gudu kawai ta sani. Ita ke kai masa abincin rana, kuma tun daga ƙofar gida yake jin takunta kamar na ɗan akuya. Duk cikin 'ya'yansa babu wadda yake so kamarta, shi da kansa ba ya musun haka.

Da damina ta yi tsakiya, zazzaɓi ya kama Shatu. Kwana uku tana amai, ko ruwa ba ya zama a cikinta, ta rame ta zama kamar kara. Ran na huɗu da hantsi Majo ya dafa allurarsa da kansa, ya zaɓi sabuwa fil saboda 'yarsa ce. Ya kifa ta a cinyar Delu, ya soka inda ya saba.

Yarinyar ta ƙwalla ƙara. Ta ce, "Baba, wuta ta sauka har yatsuna."

Ya ce, "Maganin ne yake aiki, auta."

Zazzaɓi ya sauka kamar yadda ya saba. Amma ranar da Shatu ta miƙe, ƙafarta ta dama ta ƙi ɗaguwa. Tafin ya saki, tana jan sa a ƙasa.

Matan unguwa suka shigo dubiya, suka ce shan inna ne, a nemi hayaƙi. Majo ma haka ya faɗa wa kansa, domin ya sha ganin irin wannan bayan zazzaɓi, kuma kullum haka ake cewa.

Delu kuwa ta bari sai da suka rage su biyu a tsakar gida.

Ta ce, "Maigida, wace ƙafa ka yi wa allura?"

Ya ce, "Ta dama."

Ta ce, "Ɗan Balki mai fura, ta hagu ce, kuma ta hagun ka soka, uwarsa ta faɗa mini. 'Yar Idirisu maƙeri, ta dama. Kai sau ɗaya kake ganinsu a tebur, zazzaɓi ya sauka, ka sallame su. Ni a bakin rijiya nake ganin yadda suke tafiya bayan nan. Ban taɓa haɗa zancen ba sai ranar da Suma'ila ya ari ƙwaryata."

Ya ce, "Me ya hana ki faɗa?"

Ta ce, "Wanda ya yi karatun ma ka birkice masa ƙwarya, balle ni."

Majo ya tashi ya nufi gidan likita. Ya durƙusa ya zaro takardun nan huɗu. Tebur ya karkata, kwalabe suka gangaro, bai ko waiwaye su ba. Ya warware ta farko. Ƙasa ta ci gefenta, amma rubutun yana nan: cikin abubuwan da za a koyar a shekarar, har da yadda ake yi wa ƙananan yara allura. Shekara huɗu ke nan da zuwanta.

Ya zauna a ƙasa ya yi kuka, kukan da bai yi ba ko ranar da mahaifinsa ya rasu.

Washegari ya ɗauki Shatu suka hau kamiyo, wato babbar motar 'yan kasuwa zuwa Damagaram. Lokotoro ya duba ta, ya ce jijiyar ta taɓu. Da tausa da motsa ƙafa wani abu zai dawo, amma ba duka ba.

Da aka gama ɗaurin gero, Majo bai jira gardi ba. Ya isa Damagaram tun ana sauran kwana biyu a fara sitaj. Ya zauna a bencin gaba, da furfurarsa, tsakanin samarin da ya haife su. Sai ga wanda aka ɗora wa darasin allura ya shigo da ƙwarya a hammata. Suma'ila ne.

Da ya ga mai zama a gabansa, sai ya tsaya cak.

Majo ya ce, "Ci gaba, Malam. Muna saurare."

Suma'ila ya kifa ƙwaryar, ya ja layi ɗaya a tsaye da gawayi, ya ja ɗaya a kwance, ta rabu gida huɗu. Ya ɗora yatsa a gidan sama na can gefe. "Nan kawai. Sauran ukun ba naku ba ne. In yaron ya rame sosai, ku koma cinya."

Iyakar darasin ke nan. Bai kai a sha fura a wanke ludayi ba.

Da Majo ya koma gida, ya yi abin da ba kowa ke iyawa ba. Ya bi gidajen yaran nan ɗaya bayan ɗaya, ya faɗa wa iyayensu cewa ba inna ba ce, hannunsa ne. Balki ta yi shekara ba ta amsa gaisuwarsa ba, kuma ban ga laifinta ba. Idirisu maƙeri ya daɗe yana kallon wutarsa, sannan ya tambayi ko ƙarfe zai iya tallafar ƙafa. Shi ya ƙera wa 'yarsa ɗan abin da ke ɗaga tafin, ya ƙera wa ɗan Balki, ya ƙera wa Shatu.

Shekarar da aka samu mulkin kai, aiki ya dawo wuyan 'yan ƙasa. Majo ya riƙa zagaya ƙananan gidajen likita da ƙwarya a jakar sirdinsa, kuma duk kaka shi ne farkon isa sitaj. Teburinsa kuwa, guntun bulo aka sa masa.

Wata rana wani sabon majo mai suna Mamman ya biyo ta wurinsa. Hira ta kai ga takardar gayyata, sai ya yi dariya ya ce, "Baba, ni bara na fito lakwal, na gama makaranta, karatuna ko ƙura bai yi ba. Ga aiki ya yi mini yawa. Sai dai baɗi."

Majo ya ɗaga hannu ya ce, "Saurara."

Daga ƙofar gida ake jin takun mai zuwa da abincin rana. Ƙafa ɗaya a taka, ɗaya a ja, ƙarfe yana ɗan karo da tsakuwa. Sai da aka jima kafin Shatu ta iso rumfar, ta ajiye akushi ta gaishe su.

Majo ya ce, "Dā yarinyar nan kafin ka juyo ta iso. Ni ma sau huɗu na ce sai baɗi."

Mamman ya dubi ƙafar, ya dubi tsohon. Ya sa hannu a aljihu ya fito da takardarsa, ya tambayi ranar da kamiyo ke tashi.

Darasi: Gemu ba ya hana ilimi, girman kai ne ke hanawa. Duk wanda rai da lafiyar mutane ke hannunsa, abin da ya koya jiya ba lallai ya ishe shi yau ba, kuma kuskurensa ba a jikinsa yake fita ba, a jikin wanda ya amince da shi ne. In an kira ka ƙarin karatu ka je, in na ƙasa da kai ya zo da gyara ka saurara. Hukumomi kuma su tuna da ma'aikatan karkara, su kai musu wannan dama har inda suke. Ku tura labarin nan ga duk ma'aikacin lafiyar da kuka sani, wataƙila akwai takardar da ke jiransa a ƙarƙashin tebur.