Kujerar Jam'iyyar Garma

To jama'a, ku gyara zama, ga wata shari'a da za ku yanke.

A wani gari an yi wata jam'iyya mai alamar garma, ta manoma da ma'aikatan masaƙa. Da masaƙar ta rufe, sai jam'iyyar ta tsufa tare da 'ya'yanta, kowane zaɓe sai ta sha kaye. Ana nan sai masu mulki suka yi shelar cewa in sun zarce za su sayar wa wani kamfani fadamar garin. Fadamar nan kuwa ita ke ciyar da rabin gari da rani.

Malama Lantana, wata malamar firamare, ta miƙe a babban taro ta ce a sake tsari. A tsohon tsarin an ce ranar da jam'iyyar ta hau mulki gwamnati za ta karɓe shaguna da motocin haya. Ta ce, "Iyayena, mai shayi da mai tireda su ma talakawa ne, amma tsoronmu suke ji." Aka kira ta 'yar koren masu hannu da shuni. Ta dage har aka soke wannan sashe, aka sa batun asibiti da taki da ruwan sha. Sai ga 'yan kasuwa da matasa suna ta shigowa.

Tsofaffin ma'aikatan masaƙa suka fusata, suka ce za su kafa tasu jam'iyyar. Malam Barau, wanda ya taɓa zaman kurkuku a kan wannan sashen, shi ma ransa bai so ba. Duk da haka ya dogara sandarsa ya bi su gida-gida. Ya ce wa amininsa, "Ilu, wallahi ni ma ya yi mini ciwo. Amma in muka rabu fadama ta tafi, me za mu ce wa jikokinmu?" Suka dawo suna gunaguni, ban da Ilu, wanda har yau ba ya amsa sallamarsa.

Ranar zaɓe aka wayi gari ruwa ya cinye hanyar ƙauyuka. Tanimu, shugaban 'yan acaɓa, wanda masu mulki suka yi wa tayin kujerar kansila don ya bar Garma ya ƙi, ya tara yaransa suka yi ta ratsa laka suna kwaso tsofaffi da mata zuwa rumfunan zaɓe. Ya faɗi ya karye a hannu, bai je wurin mai ɗori ba sai da aka sanar da sakamako.

Garma ta ci da ƙyar. Fadama tana hannun masu ita, asibiti ya samu ungozoma, ruwan famfo dai ana jira. Yanzu tsohon shugaban jam'iyya ya sauka, kujera ɗaya ce, kuma kowanne cikin ukun nan yana nuna ɗan'uwansa.

To, ku da kuka ji, wa za ku ɗora a kanta: Lantana, Barau, ko Tanimu?