Gonar Malami da Rumbun Mai Fadama

An yi wani magidanci a wani ƙauye da ke gaɓar kogi, mutum mai tsoron Allah, wanda Ubangiji ya yalwata wa arziki. Yana da fadama inda yake noman rake da albasa, yana da gonakin dawa a tudu, kuma tun da ya gaji mahaifinsa ba a taɓa share rumbunansa har ƙasa ba.

A ƙauyen akwai makaranta mai ɗaki biyu wadda masu bi suka gina da hannuwansu, da malami guda, sunansa Malam Filibus. Hukuma ba ta ba shi albashi, jama'a kuma ba su da abin biyansa. Saboda haka tun zamanin iyayensu aka keɓe wa malamin makaranta gona, jama'a suka ɗora wa kansu nomanta. Sau huɗu a shekara ake kiran gayya: ranar shuka, da noman fari, da maimai, da girbi. Kowane gida yakan fito da mutum ɗaya da fartanyarsa, mata su kawo kunu. A inuwar ɗorawa, sa'ad da aka zauna shan kunun, nan uba yake tambayar malami ko ɗansa ya fara haɗa baƙi, nan kuma malami yake gaya wa uwa cewa 'yarta ta kwana uku ba ta zo ba.

Wata shekara, ranar maimai, magidancin ya ɗaga kai daga kunyarsa ya dubi jama'a. Ya ga tsofaffi a sunkuye cikin rana, ya ga waɗanda ciyawa ke cin gonakinsu sun baro su sun zo noman ta wani. Tausayi ya kama shi. Ya ce a ransa, "Don me matalauta za su sha wannan wahala, alhali rumbu ɗaya cikin nawa ya ishi malami da iyalinsa shekara guda?"

Ran Lahadi bayan sujada ya miƙe a majami'a ya ce, "'Yan'uwa, daga bana na ɗauke muku gayyar gonar malami. Abincinsa yana wuyana muddin ina da rai." Mata suka yi guɗa, dattawa suka sa masa albarka. Niyyarsa kuwa tsarkakakkiya ce. Bai nemi a rubuta sunansa a bango ba, bai nemi kujerar gaba ba.

Shekara bakwai yana cika alkawari. Kowace kaka jakunansa sukan sauke dammunan dawa a ƙofar Malam Filibus. Gonar kuwa ta koma saura, sabara da ƙaya suka rufe ta, makiyaya suka yanka hanya ta tsakiyarta. Sannu a hankali sunan makarantar ya sauya a bakin mutane. Masu cewa "makarantarmu" suka koma cewa "makarantar mai fadama". In iska ta yaye jinka, sai a aika masa. In benci ya karye, sai a aika masa. Shi kuwa yana jin daɗin haka, yana ɗauka alamar amincewa ce.

A shekara ta takwas kogi ya yi ambaliya, ya binne fadamar da yashi, ya rushe rumbuna uku da ke kusa da gaɓa. Abin da ya tsira bai kai ya riƙe gidansa ba, balle na wani.

Malam Filibus ya zo ya durƙusa ya yi masa jaje, sa'an nan ya ce, "Baba, ba ƙorafi na kawo ba. Hatsin da ke ɗakina zai kai mu faɗuwar ruwa. In ya ƙare, tilas in kwashi iyali mu koma garin surukaina, gama suna neman malami."

Magidancin ya ɗauki sandarsa ya bi gida gida yana roƙo a tayar da gayya. Ko'ina aka karɓe shi da ladabi, aka shimfiɗa masa tabarma, aka ce Allah ya mayar masa da abin da ya rasa. Wani ya ce, "Ai makarantarka ce, Baba, mu su wa da za mu sa baki?" Samari kuwa, waɗanda suke yara sa'ad da aka daina, suka tambaye shi ko nawa ne ƙwadagon yini.

Da ransa a ɓace ya biya gidan Iya Damaris, matar wansa marigayi, wadda akwai wasa tsakaninsu tun tana amarya. Ya same ta tana ɓarar gyaɗa a ƙofar ɗaki.

Ta ce, "Maraba da angona. Sai da fadama ta tafi aka tuna da tsohuwar mata?"

Ya ce, "Iya, yau ba ranar wasa ba ce. Mutanen garin nan ba su san alheri ba. Shekara bakwai ina ɗauke musu nauyi, yau ɗaya na nemi hannu, kowa ya naɗe nasa."

Ta ce, "Zauna. Kanka duk furfura, amma har yanzu sai an tauna maka. Ni ba ni da rumbu, ba ni da ɗa mai riƙe fartanya. Amma tulu biyu na kunu nakan kai gonar nan sau huɗu a shekara. Saboda tulunan nan nake tsayawa a bakin aji in ce, Malam, me ya hana jikata iya rubuta sunanta? Tun ranar da ka miƙe a majami'a, da wane baki zan tambaya? Mai cin dawarka, kai zai ba amsa."

Ya ce, "Ai har da ke a masu guɗa ran nan."

Ta ce, "Na yi mana. Wa yake ƙin hutu? Sai daga baya na gane abin da na bayar a bakin guɗar."

Ya daɗe yana taya ta ɓarar gyaɗar, sa'an nan ya tashi.

Da Lahadi ta zo ya sake miƙewa. Bai roƙi hatsi ba, bai zargi kowa ba. Ya ce, "'Yan'uwa, na karɓe muku abin da yake naku, ban kuwa nemi izininku ba. Ku gafarta mini. Gobe zan fita sharar gonar malami."

Cikin gidaje sittin, mutum tara suka bi shi. Saurar shekara bakwai ba ta sharuwa a rani ɗaya. Sulusin gonar kaɗai suka iya kafin ruwa ya sauka. Malam Filibus ya dubi abin da aka share, ya aika da matarsa da 'ya'yansa wurin surukai, shi ya zauna, yana cin tuwo gida gida bi da bi. Sai a damina ta huɗu iyalinsa suka dawo.

To, ga abin da misalin nan yake nufi. Magidancin shi ne kowane mai bayarwa da hannunsa ya fi na jama'a ƙarfi, ko ɗan'uwa ne da Allah ya buɗa wa, ko ƙungiyar taimako daga nesa, ko hukuma kanta. Gonar malami ita ce rabon da talaka yake da shi a cikin aikin alheri. Rabon nan ƙarami ne a ido, amma da shi yake da ikon tambaya, da shi kuma yake ce wa abu nasa. Ambaliyar ita ce ranar da babban hannu zai gaza, kuma hakika ranar tana zuwa, gama mai arziki yakan mutu, ƙungiya takan tattara ta tafi, hukuma takan sauya shawara.

Ba karimci ake zargi a nan ba. Ubangiji yana ƙaunar karimci, da ma ya yawaita a cikinmu. Kuskuren mutumin nan shi ne ya ba da abin da jama'a suke iya bayarwa da kansu. Da ya ƙara ɗaki na uku, ko ya sayi littattafai, ko ya kawo garmar shanu ranar gayya, da kyautarsa ta ƙaru a kan tasu. Amma ya sa tasa a gurbin tasu, sai makarantar da take tsaye a kan gidaje sittin ta koma tsaye a kan rumbu ɗaya. Saboda haka, kai mai hali, kafin ka buɗe rumbunka ka bincika wane ne yake ɗauke da aikin nan tun kafin ka zo, ka bar masa wurinsa.

Ku kuma da ake yi wa alheri, ku karɓa da godiya, amma kada ku mai da taimako dalilin janye hannu. A cikinmu akwai waɗanda suka daina kawo baikon makaranta tun shekarar da aka sami mai tallafa mana, suna cewa ai nasu ba ya ƙara kome. Ku komo da shi, ko mudu ɗaya ne. Sa'an nan ku shiga aji ku tambayi malami yadda 'ya'yanku suke.