Tukur da Saniyar Inna Dudu

Ku gyara zama, yau gardama na kawo muku.

Tukur da abokinsa Sagir tare suka karanci kiwon lafiyar dabbobi a wata kwaleji. Da suka ci jarrabawa aka ba su zaɓi: mutum ya karɓi takardarsa ya tafi, ko ya ƙara shekara a gonar makaranta yana koyon aikin da hannu. Sagir ya tsaya. Tukur kuwa mahaifinsa na kwance, ba shi da magana sai ta ya ga ɗansa ya gama. Sai ya fito. Tsohon ya gani, ya sa albarka, kafin damina ya rasu. Aka ɗauki Tukur aiki a asibitin dabbobin garinsu, ko'ina ya gifta sai "Likita".

Wata ranar kasuwa aka kira shi gidan Inna Dudu mai fura. Saniyarta tilo ke naƙuda, ɗan ya zo a karkace. Tukur ya san sunan matsalar sarai, amma bai taɓa sa hannu cikin saniya ba. Ya tsaya riƙe da jaka, ga tsakar gida cike da mutanen da suka san shi tun yana goye. Wani ya ce a kira mahauci kafin ta yi mushe, aka kuwa kira shi.

Tukur ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, ban iya ba. A littafi kawai na sani."

Sai aka ji wata 'yar dariya daga bakin zaure.

Inna Dudu ta ce, "To ɗan nan, ka san wanda ya iya?"

Ya buga wa Sagir waya. Tsohuwa ta ce mahauci ya mai da wuƙarsa kube, ta kara wa Tukur wayar a kunne. Sagir na can yana cewa, "Tura shi baya tukuna. Lalubo ƙafar, ka rufe kofaton da tafin hannunka." A haka maraƙi ya faɗo da rai, uwar ta miƙe.

Don kunya, Tukur bai iya shan furar godiya ba. Ya daɗe yana bin bayan gari in zai tafi aiki.

Gari ya rabu. Wasu suka ce Tukur ne: da bai fito da wuri ba babu kowa a asibitin, kuma da ya ɓoye rashin saninsa da an yi asara.

Wasu suka ce Sagir ne, wanda ya haƙura da albashi da suna ya zauna cikin kashin shanu har hannunsa ya faɗa.

Wasu kuma suka ce Inna Dudu ce, da ta ji yaro ya ce bai iya ba, amma ta bar masa abin da ta mallaka duka.

To, jama'a, cikin su ukun wa ya ceci saniyar nan?