San Nomau da Dokar Gobir

An yi wani dagaci a Tudun Gawo da ba a taɓa cinsa a dara ba, don da ya ga zai sha kaye sai ya sauya doka. Ran nan ya kira Nomau manomi.

"Zauna mu buga. In na ci ka, sanka nawa ne. In ka ƙi, nawa ne dai."

Nomau ya jera 'ya'ya uku, zai ci.

"Kul!" in ji dagaci. "A Gobir sai an jera huɗu."

Shi kuwa da ya jera biyu, sai ya wawuri ɗan Nomau. "A Damagaram biyu ma ci ne!"

Haka har ya cinye shi. "Kawo sa!"

Nomau ya tuntsire da dariya. "Da gudu ma, ranka ya daɗe! Amma wa zan kai wa, Sarkin Gobir ko na Damagaram?"

"Kai, ni ne mai garin nan!"

"Af! Na ga dokarsu ce ke aiki a ƙofar gidanka. In kai ne mai gari, mu sake zubi da dokar Tudun Gawo."

Dagaci ya share ramukan dara da ƙafa. "Tafi da sanka, ja'iri, kafin Gobir ta ji!"