Tsibin Ƙazanta a Ƙofar Gida

Dalilin da ya sa mai yasar kwata yake tsibe ƙazanta a ƙofar gidanku in ya gama aiki, yara, ba ƙeta ba ce. Da can ba haka ake yi ba.

A wata unguwa an yi wani mai yasa, Tanimu, mutum mai kunya. In bututun ƙarƙashin ƙasa ya toshe, sai ya ɗaga murfi, ya zura doguwar sandarsa ta ƙarfe, ya loda abin da ya fito a baro, ya lulluɓe da buhu, ya kai bayan gari. Ba wanda ya taɓa ganin abin.

Wata damina bututun ya toshe sau uku a wata guda, baƙin ruwa ya shiga har ɗakuna. Sai magana ta tashi, wai Tanimu ne ke cusa abu don a riƙa kiransa. Mai Unguwa ya ce, "Gobe ka ɗauki sandarka ka bar mana unguwa."

Tanimu ya durƙusa, idonsa ya ciko, don nan aka haife shi. "Ranka ya daɗe, a bar ni in yi yasa ɗaya, kowa na tsaye."

Washegari unguwa ta taru. Tanimu ya zura sanda, ya jawo dunƙulen mai da ya daskare kamar kan bijimi, ya dire gaban Iya Kande mai waina.

"Ni? Ɗan ruwan wankin tanda kawai nake zubawa!"

Tanimu ya ce, "Iya, ga shi ya girma."

Sallau wanzami ya fashe da dariya. Bai rufe baki ba sai ga curin gashi a ƙafarsa.

"Ba nawa ba ne! Ku dubi kaina, ƙwal yake!"

Ledoji da tsummoki suka biyo baya, kowa ya sunkuyar da kai.

Can sai sanda ta cije. Aka haƙa, aka tarar da wata ƙatuwar saiwa ta fasa bututun ta cika shi taf. Aka bi ta, aka bi ta, sai gindin darbejiyar ƙofar gidan Mai Unguwa.

Mai Unguwa ya dubi saiwa, ya dubi bishiya, ya yi gyaran murya. "To, ai duk muna shan inuwar. Tanimu, wa ma ya ce ka tashi?"

Shi ya sa har yau mai yasa ba ya ɓoye wa kowa kayansa. Sai ya tsibe maka a ƙofa, ka fito ka gani da idonka.