Kwalbar Ramalan a ɗakin Goggo Dije

Jama'a, akwai wani mutumin Durba a ƙaramar hukumar Kibiya, sunansa Ramalan. Digirinsa na biyu yake yi a kimiyyar sinadarai, kuma kai, akwai shi da ji da kai.

Aikinsa shi ne ya narka wani sinadari a ruwa, ya bar ruwan yana ƙafewa a hankali har ƙwaya ta fito mai ƙyalli kamar ta gishiri. A cikinta ana so kowane ƙanƙanin ɓurɓushi ya riƙe 'yan uwansa huɗu, su ma kowanne ya riƙe huɗu, irin ginin da ke cikin daimon. In babu wannan ƙwaya, babu digiri.

A 2003 malaman jami'a suka tafi dogon yajin aiki, aka rufe ɗakin gwaji. Malaminsa, Dakta Lado, ya ce masa, "Nan da mako biyar zan fita waje, inda na'urar duba ƙwayar take. Ka kawo mini kafin ranar. In na tafi babu ita, sai ka sake aikin daga farko."

Ramalan ya dawo gida da kwalabe uku. Iyakar sinadarin da ya rage masa ke nan.

Ya ajiye ta farko a taga. Kullum sai ya ɗaga ta sau goma, ya haska ta a rana, ya ɗan girgiza. Ta ba shi gari kamar toka. Ta biyu ma haka.

Goggo Dije, yayar mahaifinsa, mai sana'ar kindirmo, tana kallonsa. Ta sa ya yi mata bayani, ya yi yana yatsina.

Ta ce, "To ɗan nan, in kowanne sai ya nemo huɗunsa, yaushe za su haɗu kana wargaza su? Ko madara in aka dame ta ba ta barci."

Ya yi tsaki. "Goggo, wannan ba nono ba ne. Ke da ko sunanki ba kya iya rubutawa, me kika sani?"

Subhanallahi! Tsohuwar nan ta koma kan aikinta. Amma maganar ta yi mata zafi, don ita ta goye shi.

Saura kwana goma sha shida ya haɗa kwalba ta ƙarshe, ya tafi sallar la'asar. Da ya dawo, wayam.

Hankalinsa ya tashi. Ya birkice ɗaki, ya dubi bayan buhuna, gumi na zuba. Goggo ta leƙo ta ce, "Tana wurina. Na sa ta a lungun da nake ajiye ƙorena, bayan randa. Na kulle ɗakin."

"Goggo, rayuwata ce a ciki! Ba ni makulli!"

"Ba yau ba."

Ya kai ƙara wurin mahaifinsa. Malam Hammadu ya ce, "Ni ban taɓa ja da Yaya ba, ba zan fara saboda kwalba ba."

Kwanaki suka yi ta tafiya. Ramalan ya rame, tuwo ma ba ya shigarsa. Ya yi ta tunanin ko ta kifar, ko kaza ta ture, ko ruwan ya ƙafe ƙarƙaf. A rana ta goma ya ɗauko taɓarya ya tsaya a bakin ƙofarta.

Goggo tana zaune a tabarma. Ta ce, "Fasa mana. Kana dukan ƙofar, ƙasa za ta girgiza, ita ma ta girgiza. Sai ka kai wa malaminka toka."

Ya dubi ƙofar, ya dubi Goggo. Sannan ya ajiye taɓaryar.

Ana gobe Dakta Lado zai tafi, bayan an idar da sallar asuba, ta buɗe ɗakin. Ta fito da kwalbar a kan faifai, tana takawa a hankali kamar mai ɗauke da jariri. Ramalan ya kasa dubawa, sai da ya yi bisimilla.

A gindin kwalbar ga ƙwaya guda, tas da ita, girman ƙwayar gero, tana walƙiya.

Ya zube a gabanta yana kuka. "Goggo, ki yafe mini abin da na faɗa."

Ta ce, "Na yafe tun ranar. Amma wallahi na ji ciwo, Ramalan. Tashi, kada motar Rano ta bar ka. Ka riƙe kwalbar da kyau."

Darasi: Ilimi ba ya ba ka lasisin raina wanda ya raine ka, kuma akwai aikin da gaggawa ke kashewa, haƙuri kaɗai ke gama shi. Ku tura wa duk mai karatun da ya fara ɗaga wa iyayensa hanci.